Surukina, Mai Auna Ruwan Batir

Allah da ya ba mu shi ya karɓi abinsa. Surukina, mahaifin maiɗakina, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Dakata, aka kai shi makwancinsa bayan azahar.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kusa da titi. Duk sanda tirela ta taho sai liman ya dakata da addu'a, mu tsaya da hannuwa a sama har ta wuce. Tsofaffin ma'aikatan kamfanin batir na Bompai suka zo tare a mota guda. Ko ba a faɗa maka ba ka gane su, don ba wanda hannunsa ba shi da tabon ruwan batir. A cikinsu akwai abokin aikinsa, wani Kirista mutumin kudancin Kaduna, wanda suka yi shekaru a ɗakin gwaji ɗaya. Ya cire takalmi ya zauna can bakin tabarma, ya riƙe hularsa a hannu, yana kuka ba ya ko share hawaye. Da ya samu ya yi magana sai ya ce, "Malam ya koya mini aiki. Abin da ya yi a ƙofar kamfanin fata kuwa, ni dai ba zan iya ba."

Wasu suka saci kallona, ni kuwa na sunkuyar da kai. Haka na yi zaman makokin nan. Duk wanda ya ba ni hannu ya ce, "Ya haƙuri?" sai ya ɗan riƙe hannun fiye da yadda aka saba, don kowa a wurin ya san labarin. Da yamma gwaggon maiɗakina ta aiko a kira ni zaure. Ta ce, "Kai ne ya fi wahala a kanka duk cikin 'ya'yansa, alhali ba shi ya haife ka ba. Ka yi masa addu'a." Na ce to, ban iya ɗaga ido na dube ta ba.

Jikokinsa sun taso sun tarar da tsoho mai shiru, wanda in ya zo gidanmu ba ya wuce zaure. Ba su san da can ba haka yake ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani tun ina da rai.

Mutumin wajen Haɗeja ne, ya zo Kano yana saurayi ya shiga makarantar koyon sana'a. Da aka buɗe kamfanin batirin mota a Bompai aka ɗauke shi ɗakin gwaji. Aikinsa shi ne ya tsoma wayoyi cikin ruwan batir, ya dubi wata mita mai 'yar kibiya, ya faɗi ko ruwan ya yi ko bai yi ba. Rigunansa na aiki duk ƙananan huji ne. Surukata ta gaji da ɗinki ta bari. Mutum ne mai surutu da dariya a lokacin, kuma ba abin da za ka kawo masa bai ce, "Bari mu auna tukuna" ba. Ko an ce masa rijiyar maƙwabta ta fi tasu daɗi, sai ya aika a ɗebo masa a kwalba. Maiɗakina ita ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake ce mata.

Ni kuwa lebura ne a kamfanin fata na Challawa, a sashen da ake jiƙa fatu. Da na auri 'yarsa na riƙe kunyar suruki yadda aka koya mini a ƙauyenmu. In na hango shi tafe sai in sake hanya. In ya zama dole mu gamu, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ambatar sunansa ba, har yau da nake wannan rubutu.

Bayan haihuwar ɗanmu na biyu ciwo ya same ni. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, fitsari ba ya tsayawa, wandona ya soma zamewa daga ƙugu. Na ɓoye. Maiɗakina ce ta lura tururuwa na taruwa a inda nake tsuguno, ta tafi ta faɗa wa mahaifinta ba da sanina ba. Washegari da safe sai ga ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gidan hayarmu na Zawaciki. Na fito na durƙusa. Ya miƙo mini wata 'yar kwalba, ya kau da kai, ya ce, "Malam, shiga ka yi fitsari a nan ka kawo mini."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na kawo masa kwalbar a naɗe cikin tsumma. Ya kwance tsumman ya ɗaga ta sama yana dubawa a hasken rana, matan gida na leƙe ta katanga. Sannan ya ce in hau bayansa mu tafi asibiti. Tun daga Zawaciki har cikin gari ban yarda jikina ya taɓa nasa ba, na riƙe ƙarfen baya har yatsuna suka sage.

Likita ya ce ciwon sukari ne, kuma irin wanda sai da allura. Ni ban fahimci bayanin ba, surukina ne ya warware mini a hanya. Ya ce akwai wata 'yar tsoka a bayan tumbi, cikinta da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. In mutum ya ci abinci sai ƙwayoyin su saki wani ruwa da ake kira insulin, shi ke shigar da sukari cikin jiki. Nawa sun daina saki, don haka sai an zuba mini daga waje, kullum, har ƙarshen rai.

Aka ba mu sirinji na gilashi wanda ake tafasawa. Ni na kasa soka wa kaina, maiɗakina kuma in ta ga allura jiri ke ɗibarta. Surukina ne ya koya a wurin ma'aikaciyar jinya. Kullum kafin ya wuce Bompai sai ya zagayo ta wurinmu, hanyar da ba tasa ba ce ko kaɗan. Sai in zauna a kan turmi in ɗage riga in buɗe cinyata a gaban mahaifin matata. Shi ya dubi cinyar, ni in dubi bango. In ya gama sai ya ce, "Allah ya sawwaƙe," in ce, "Amin, Baba, na gode." Ya samo mini ƙaramin tulu da jiƙaƙƙen yashi a ciki don maganin ya zauna da sanyi, tunda ba mu da firji. Daga baya na iya yi da kaina, amma bai daina zuwa ba.

Ranar Asabar yakan gwada fitsarin. Ya ɗiga shi cikin wani shuɗin ruwa ya ɗora a wuta. In sukari ya yi yawa ruwan ya koma ja kamar bulo, in da sauƙi ya tsaya kore. Wannan gwaji bai taɓa gamsar da shi ba. Yakan ce, "Wannan labarin jiya yake ba mu. Ni so nake in san ko tsokar nan tana sakin wani abu yanzu, ko ta mutu ɗungum." Ya ce a wurin aikinsu kowane ruwa yana da yadda yake taɓa waya, in ya taɓa kuwa kibiya sai ta motsa. Me zai hana insulin ma ya motsa ta?

Nan ya sa kansa. Ya fasa tsofaffin batiran tocila ya zare baƙaƙen sandunan da ke tsakiyarsu, ya goge su, ya haɗa da wayoyi da wata tsohuwar mita da kamfani ya yar. Ya mai da ɗakin zaurensa wurin gwaji. Surukata tana mita, wai ya cika mata gida da kwalabe. Rannan ya aiko yaro a kan keke a kira ni. Na tarar da shi da abokin aikin nan nasa sun sunkuya kan tebur. Ya tsoma sandunan cikin ruwan gishiri, kibiya na kwance. Ya ɗiga digo ɗaya daga kwalbar maganina. Kibiya ta tashi.

Ban taɓa ganin farin ciki irin nasa na ranar ba. Ya manta da surukuta, ya dafa kafaɗata yana girgiza ni. "Ka gani? Ka gani, Malam? Ta ji shi!" Abokin nasa ya ce, "Malam, a dai ƙara gwadawa." Ya ce ai ya gwada ya sake gwadawa, kowane karo tana tashi.

Daga nan ya koma kan jinina. Da safe kafin in yi allura sai ya huda mini yatsa ya matsa jinin cikin ruwan. Kibiya ta ɗan motsa. Mako na gaba ta sake motsawa, ya ce ta fi ta baya. Ya zauna ya yi ta tunani, sannan ya ce, "Ba ka yi allura ba tun jiya, ga shi kuma tana jin insulin a jininka. Daga ina ya fito in ba daga jikinka ba? Tsokar nan ta farfaɗo." Ya ce in rage allurar. Da kibiya ta ci gaba da motsi ya ce in bari gaba ɗaya mu gani. Ba mugunta ba ce. Ya ga yadda cinyoyina suka yi kulu-kulu, ya ga maganin yana wuyar samu, yana so 'yarsa ta zauna da lafiyayyen miji. Na ce, "To, Baba."

Ƙishirwa ta dawo. Na ji ta sarai. Amma in ya zo da safe da fara'arsa ya ce, "Ya jikin?" sai in ce, "Da sauƙi, Baba."

A wurin aiki na faɗi, da rana tsaka, kusa da ramin jiƙa fata. An ce na yi ta amai ina tangaɗi ina maganar da ba a ganewa. Foman ya sunkuyo ya ji wani wari-wari mai zaƙi a bakina, ya ce giya ce. Aka ja ni aka ajiye a bakin ƙofar kamfani don in wartsake, masu wucewa suna Allah wadai. Wani ɗan Nijar da muke sashe ɗaya shi ne ya ce wannan mutum bai taɓa fashin salla ba, ya tare mota ya kai ni asibiti.

Abin da ya faru a can ban gani ba, maiɗakina ce ta ba ni labari. Likita ya tambaya yaushe na yi allura ta ƙarshe. Surukina ya matso ya yi bayanin sandunansa da kibiyarsa. Likitan, wanda a haife surukina ya haife shi, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Baba, da batirin tocila? Kun san saura kaɗan ku kashe shi?" A gaban ma'aikatan jinya, a gaban masu jinyar wasu. Maiɗakina kuwa, da goyo a bayanta, ta juya ta ce wa mahaifinta, "Baba, duk Kano ba ku sami wanda za ku koyi aiki a kansa ba sai uban 'ya'yana?" Ta ce sai ya juya. Ya fita ya zauna a gindin wata bishiya, a nan ya yi ta zama har aka ce na farfaɗo.

Na fito asibiti na tarar kamfani ya kore ni saboda maye a bakin aiki. Maganar ta riga ni isa Zawaciki. A masallaci mutumin da ke kusa da ni a sahu ya ɗan ja jikinsa. Mai gidan da muke haya ya soma zancen yana son ɗakinsa. Na daina fita.

Surukina ya je wurin manaja aka ce ba ya nan, ya koma aka ce yana taro. Sai ya zaɓi lokacin da masu aikin safe ke fita, na rana ke shiga, ƙofar kamfani ta cika maƙil har da masu sayar da abinci. Abokin aikinsa ne ya raka shi, shi ya ba ni labari. Ya ce surukina ya jingine babur ya hau kan wani dakali, dattijo da furfurarsa, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku saurare ni. Mutumin da kuka yar a nan wurin mijin 'yata ne. Bai taɓa shan giya ba. Ciwon sukari gare shi, warin da kuka ji na ciwon ne. Ni na hana shi shan maganinsa. Na haɗa wani abu da hannuna na ɗauka na fi likita sani, na kusa kashe shi. In akwai wanda za a kora a yi wa dariya, ga ni." Wasu suka yi dariyar kuwa. Wani ya ce, "Likitan batir!" Bai sauka ba sai da foman ya fito, ya maimaita masa maganar daga farko.

An mai da ni aiki. Sunan nan kuma ya bi shi har Bompai, yara ma'aikata suna faɗa a bayansa har ya yi ritaya. Ni da aka wanke, ban ji daɗin da ya kamata in ji ba. Duk sanda na shiga ƙofar nan sai in ga dakalin, in tuna saboda ni dattijo ya tsaya a kai ya tozarta kansa.

Bai bar maganar a nan ba, sai da ya gano inda ya ɓata. Ya ɗauki kayan ya kai wa wani malamin jami'a mai koyar da ilimin haɗa magunguna. Malamin ya karanta jikin kwalbar ya nuna masa cewa ban da insulin akwai wani magani da ake zubawa don kada ya lalace, dangin wanda ake wanke daɓen asibiti da shi. Shi ne ke tayar da kibiya. Jini kuma cike yake da abubuwan da za su motsa ta, ko na wane ne. Surukina ya dawo gida ya ɗiga maganin wanke daɓe cikin ruwan gishiri, kibiya ta tashi fiye da kullum. Ya zo har gida ya faɗa mini wannan, yana tsaye a zaure. Ya ce malamin ya ce tunanin ba shirme ba ne, wataƙila wata rana a yi, amma sai da wayar da ta fi gashi siriri, a kai ta bakin ƙwayar kanta a ji lokacin da take saki. "Ni kuwa da sandan tocila na je," in ji shi. Ya yi ɗan murmushi wanda ba na daɗi ba.

Tun daga ranar bai ƙara shiga cikin gidana ba. Mutumin da nake sake hanya saboda shi, shi ya koma sunkuyar da kai in mun gamu. In na durƙusa sai ya ce, "Tashi, Malam, tashi," kamar ina ƙona shi. Surutu ya tafi, dariya ta tafi. In aka tambaye shi abu ko a kan aikinsa ne sai ya ce, "Allah ne masani, a tambayi wanda ya fi ni." Tsakaninsa da 'yarsa gaisuwa ce kawai. Ita tana jin nauyin abin da ta faɗa, shi yana ganin gaskiya ta faɗa, ba wanda ya tayar da zancen.

Da aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu, kamfanoni suka soma rage ma'aikata, magani ya ɓace daga asibiti. Masu irin ciwona da na sani a layin asibiti, da yawa ba su kai ba. Ni ban taɓa rasa allura ba. Shi ke bin kemis-kemis daga Sabon Gari zuwa Fagge, in an ce akwai a Zariya ya hau mota. Ya sa maganin a cikin filas da ƙanƙara ya kawo, ya ba yaro a zaure ya ce a miƙa ciki, ya juya. Sau da yawa sai dai in ji tashin babur.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ana saura 'yan kwanaki ya rasu ya ce a kira ni. Na shiga na zauna a ƙasa daga bakin ƙofa. Ya ce in matso, na matso. Ya daɗe yana numfashi, sannan ya ce, "Malam, lokacin nan da na hana ka allura. Ka ji ƙishirwa?"

Na ce, "Na ji, Baba."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Nauyinku nake ji."

Ya rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "Na ga leɓenka ya bushe. Na ga idonka ya faɗa. Da idona na gani, kowace safiya. Na ƙi tambayarka da kyau don kada ka faɗi abin da ba na so in ji. Wannan ban faɗa a ƙofar kamfani ba. Ka yafe mini."

Na ce, "Baba, ai na daɗe da yafewa. Ni ne ma..."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. "Ɗaga murya. Uwata na bayan labule, ta ji."

Na ɗaga murya na ce na yafe masa duniya da lahira. Labule ya motsa, maiɗakina ta shigo da rarrafe ta kifa kanta a gefen gadon, tana so ta yi magana kuka ya hana ta. Ya ɗora hannu a kanta ya bar shi a nan. Da ta ɗan lafa ya ce, "Uwata, ba ni ruwa." Ta tallafo kansa ta ba shi, ya sha, ya ce ta ƙara. Na tashi na fita na bar su.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ya yi kuskure da niyyar alheri, bai ɓoye ba, ya ɗauki kunyarsa a bainar jama'a don ya sauke mini tawa. Ka suturta shi kamar yadda ya suturta ni, ka yalwata masa kabarinsa, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.